Haulatu, Wadda Sanƙarau Ya Bar Wa Ido

Duk matar da ta saba shiga gidan marigayi Kalilu mai garma a garin Babban Mutum ta san sallama daga zaure ba ta wadatarwa. Sai ta shiga tsakar gida, ta zagayo ta gaban matar gidan, ta tsaya inda za a gan ta, sannan ta yi sallamarta. Haulatu za ta ɗago kai, ta sa yatsa a tsakiyar littafin da ke hannunta, ta amsa da murya mai ɗan ƙarfi fiye da yadda ake bukata. Ba ta ji. An fi shekara arba'in rabon da ta ji muryar wani mahaluki.

A Baure aka haife ta, gidan Malam Audi, manomin gero da wake, wanda yakan kai tumaki kasuwar Daura idan rani ya yi. Tana aji huɗu na firamare wata bazara mai tsananin zafi sanƙarau ya shigo gari. Ita da ƙanenta Mahdi suka kwanta rana ɗaya. Aka ɗauke su a mota zuwa asibiti a Daura. Mahdi bai dawo ba. Ita kuwa da ta farfaɗo, sai ta ga mahaifiyarta Zubaida a kanta, bakinta yana motsi, hawaye yana zuba, amma babu sauti. Ta ɗauka Inna ce take magana a hankali don kada ta tashi marasa lafiya. Ta ce, "Inna, ki ɗaga murya mana." Inna ta ɗaga har mutanen ɗakin suka juyo. Nan aka gane abin da ya faru.

Da ta sami sauƙi aka mayar da ita makaranta, amma zaman bai yi tsawo ba. Malami yakan juya wa aji baya yana rubutu a allo yana bayani, ita kuwa sai dai ta ga ƙeyarsa. Idan an yi dariya ba ta san abin da ya jawo ba. Idan an kira sunanta sai wadda ke kusa ta zungure ta. Kafin a yi hutun damina ta daina zuwa, babu kuma wanda ya matsa mata. A dandali ma haka. Ƙawayenta ba su kore ta ba, amma gaɗa waƙa ce da tafi, ita kuwa kullum tafinta yana saɓa wa nasu. Idan ta yi magana muryarta takan fita da ƙarfi, yara su dubi juna. Sai ta rage magana, daga nan ta kusan bari gaba ɗaya. Ta zama yarinya mai saurin fushi. Ta taɓa jifan yayarta da ludayi saboda ta ga ana hira ana kallon wajenta.

Mahaifinta ne ya lura da wani abu. Kullum bayan ta gama aikin gida takan zagaya bayan rumbu da littafinta na karatun Hausa na makaranta, wanda bangonsa ya riga ya fita. Ta karanta shi har ya zama ba ta bukatar dubawa, amma ba ta da wani. Malam Audi yana karanta Alƙur'ani, yana kuma rubuta ajami, amma boko ko baƙi ɗaya bai sani ba. Wata ranar kasuwa, bayan ya sayar da tunkiya a Daura, ya tsaya gaban wani mutum da ya shimfiɗa littattafai a tabarma kusa da masu sayar da carbi.

"Malam, ka ba ni wanda yarinya za ta iya karantawa," in ji shi.

"Na addini ko na hira?"

"Na addini muna da su a gida. Wannan yarinyar hira ce ta rasa."

Ya dawo da ɗan littafin labarai a aljihun rigarsa. Ya miƙa mata. Washegari da hantsi Zubaida tana surfe sai ta ji dariya daga bayan rumbu, irin dariyar da ke ƙwace wa mutum. Ta tsayar da taɓarya ta saurara. Rabon da a ji dariyar Haulatu tun kafin ciwon. Zubaida ta zauna a gefen turmi ta rufe fuskarta da gefen zani.

Da ta girma, Haulatu takan ce abin da ya fara kama ta shi ne, mutanen cikin littafi ba sa juya mata baya idan suna magana. Kowa ya faɗi magana takan iso mata cikakkiya, idan ma ta wuce ta, sai ta koma baya ta sake ɗauka, babu mai ƙosawa ya ce mata "bar shi kawai." Wannan "bar shi kawai" ɗin ita ce kalmar da ta fara iya karantawa a leɓen mutane, kuma ita ta fi ƙi.

Daga nan Malam Audi ya mayar da abin al'ada. Tunda ba ya iya karanta abin da ke ciki, sai yake zaɓa da kauri, yana auna littafi a tafin hannu kamar mai sayen kaza. Ya taɓa kawo mata na kiwon kaji, ya taɓa kawo na tarihin wata ƙasa da ba ta taɓa jin sunanta ba, ya kuma taɓa kawo wanda take da shi, don an sake masa bango. Duk ta karanta. Wanda aka maimaita ma ba ta gaya masa ba.

Zubaida ce hankalinta bai kwanta ba. Tana ganin yarinyar da ba ta ji, idan kuma ta dulmuya cikin takarda, to ta fita daga cikin mutane ke nan. Wata rana suna ɓarar gyaɗa ta taɓa gwiwar Haulatu, ta nuna littafin, ta buɗe tafin hannu alamar tambaya: me ke ciki? Haulatu ta yi jinkiri, sannan ta fara ba da labari. Muryarta ta yi sama. Zubaida ta sa tafin hannu tana danna iska ƙasa, Haulatu ta sassauta. Ta yi ƙasa da yawa, Zubaida ta ɗaga hannun. Haka suka yi har gyaɗar ta ƙare, labarin bai ƙare ba. Kashegari Zubaida da kanta ta sake ɗebo gyaɗa. Da hannun nan na mahaifiyarta Haulatu ta koyi daidaita muryar da ba ta ji, kuma mutanen gidan suna ganin ba don wannan zaman ba da bakinta ya mutu kamar kunnenta.

Ta kai shekara ashirin ba a zo neman aurenta ba, alhali sa'o'inta duk suna goyo. Sannan Kalilu ya bayyana. Mutumin Babban Mutum ne, yana da shanun noma biyu da garma, yana yi wa mutane huɗa idan ruwa ya sauka. Ya zo aiki gonar Malam Audi, ita ta kai abinci. Da ya fara zuwa zance abin ya zama wahala, domin mutum ne mai kunya, yana magana kansa a sunkuye.

"Ka ɗaga kanka ka dube ni," in ji Haulatu. "In ba haka ba ban san ko gaisuwa kake yi ko zagina ba."

Ya ɗaga, amma sai maganar ta ɓace masa. Ya tafi, aka daɗe ba a gan shi ba, har Zubaida ta fitar da rai. Ashe ajin yaƙi da jahilci ya shiga a garinsu, yana zama da yamma cikin dattawa yana koyon baƙaƙe. Da kaka ta wuce ya dawo. Ya tsuguna a ƙofar gida, ya share ƙasa da tafin hannu, ya ɗauki tsinke ya rubuta sunanta. Ya bar harafi ɗaya. Ta karɓi tsinken ta cika masa. Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure, aka kai ta Babban Mutum, littattafanta a cikin wani tsohon akwatin ƙarfe a ƙarƙashin kwanukan jere.

Kalilu bai taɓa zama mai son karatu ba. Rubutunsa iyakarsa biyan bukata: wane ya rasu, gobe za a yi suna, gishiri ya yi yawa a miya. Amma idan ya dawo daga gona ya ci abinci, yakan miƙe ƙafa ya ce ta ba shi ci gaban labarin jiya, kuma yakan ɗauki abin da zafi. Idan wani a cikin labarin ya ci amanar abokinsa sai ya yi tsaki ya kau da kai, kamar mutumin yana zaune a wurin. Lokacin ne kuma littattafan Hausa suka yawaita a kasuwa, ana kawo su daga Kano. Ya ƙulla da wani direban motar Daura yana taho masa da su.

Abin bai yi wa kowa daɗi ba. Yayansa Sharu ya kira shi gefe bayan sallar Juma'a, ya ce ana magana a dangi, irin littattafan nan su ne ke lalata mata, ya kamata ya hana.

Kalilu ya ce, "Yaya, kai kana da rediyo. Da yamma kana da majalisa a ƙofar gida. Matanka suna da hira a gidan biki. Ita me take da shi?"

Sharu bai janye maganarsa ba. Ya ce dai ya faɗi tasa.

Abin da ya kusan raba ta da karatu ba daga dangi ya zo ba. Wata safiya ce da rani. Kalilu ya tafi kasuwa, babban ɗansu yana makarantar allo, ƙanwarsa Raihana, wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba, tana barci a ɗaki. Haulatu ta dama kunu ta sauke tukunyar a gefen murhu don ya huce, ta zauna a inuwar katanga da littafin da ya rage mata kaɗan ta gama. Ta ba ɗakin baya. Yarinyar ta farka, ta fito, ta dafa tukunyar. Maƙwabciyarsu ce ta ji ihun ta katanga. Ta shigo a guje, ta wuce ta gaban Haulatu ko tsayawa ba ta yi ba. Sai da Haulatu ta bi ta da kallo ta ga 'yarta a ƙasa, kunu ya wanke mata hannun hagu daga kafaɗa har gwiwar hannu, bakinta a buɗe. Ba ta san tsawon lokacin da yarinyar ta yi tana kuka ba, kuma har yau ba ta sani ba.

Aka kai Raihana asibiti, aka yi jinya mai tsawo, ta warke da babban tabo. Babu wanda ya ce wa Haulatu komai a fuska, amma ta iya karanta leɓe, kuma masu zuwa dubiya sukan manta da haka. Ranar da suka dawo gida ta juye akwatin ƙarfen a buhu, ta ɗaure bakinsa, ta ajiye a gaban mijinta.

"Malam, ka fitar mini da su daga gidan nan."

Ya ɗauki tsinke zai rubuta a ƙasa. Ta sa ƙafa ta take wurin.

"Kada ka rubuta mini ƙaddara ce. Na san ƙaddara ce. Amma da idona yana kanta da na gan ta. Ido kaɗai gare ni, shi ne na ba takarda."

Ya ga ba wurin musu. Ya ɗora buhun a amalanke, ya kai wa wani malamin firamare ya ce a raba wa masu so.

Shekaru suka wuce babu littafi a gidan, sai Alƙur'ani da littattafan addu'a. Haulatu ta riƙe gidanta da kyau, ta ƙara haihuwa, ba ta sake ba yaro baya ba. Amma gidan ya yi shiru. Idan Kalilu ya ci abinci ya miƙe ƙafa, babu abin da zai biyo baya. Maganarta ta koma ta bukata kawai. Zubaida, wadda tsufa ya fara kamawa, ta zo ganin jikoki ta lura kalmomi sun fara lanƙwasa a bakin 'yarta, wasu ma sai an yi tunani kafin a gane. Da za ta tafi ta gaya wa Kalilu a zaure. Ya ce shi ma ya gani, amma ya rasa ta inda zai ɓullo.

Sai wata damina ɗaya daga cikin shanun nomansa ya taka shi a gona, ƙafarsa ta karye. Mai ɗori ya ɗaure, ya ce kada ya taka sai ya ba da izini. Mutumin da bai saba zama ba ya kwana ya wuni a tabarma a rumfar tsakar gida. Rediyo ta ishe shi. Wata rana direban nan ya zo gaishe shi, Kalilu ya roƙe shi wani abu a hankali. Bayan kwana biyu aka aiko da littafi a leda.

Bai ba ta ba, bai ma nuna mata ba. Ya buɗe shi da kansa, ya ɗora yatsa a layin farko, ya fara haɗa baƙaƙe a bayyane. Haulatu tana tankaɗe a gabansa, ta ga bangon, ta kau da kai. Amma idonta ya riga ya saba da bin leɓe. Tana gani yana karya kalma gida biyu, ya tsaya, ya koma, ya sake karya ta. Wuni guda bai wuce shafi biyu ba. Ta yi kwanaki tana kallon wannan ba ta tanka ba. Rannan ya maƙale a kan wata kalma, ya juya ta ta kowace fuska ta ƙi fita, ya share gumi.

"Kwararo," in ji Haulatu, ba ta ɗago daga tsintar shinkafa ba. "Kwararo aka rubuta. Tun ɗazu kake wahalar da ita."

Ya miƙo littafin, ya nuna layi na gaba. Ta dubi Raihana, wadda a lokacin ta shiga firamare, tana wasa da ƙanenta a bakin ɗaki. Ta tashi ta ja tabarma, ta jingina bayanta da katanga inda za ta ga tsakar gidan duka, da murhu da bakin rijiya da ƙofar zaure. Ta kira yaran ta zaunar da su a gefenta, ƙaramin ta ɗora shi a cinya. Sannan ta karɓa. Ta karanta masa layin, ta karanta shafin, tana yi tana ɗago kai. Kalmomin suna fita da ƙyar, amma ba ta tsaya ba sai da aka kira la'asar, Kalilu ya yi mata alama.

Daga baya ta tambaye shi ko dabara ya yi mata. Ya rantse ba dabara ba ce. Ya ce zama ne ya dame shi, ya kuma so ya san ko mene ne wannan abu da ta bari ta koma haka. Ya ce bai same shi ba, shi dai ciwon kai ya samu.

Ba ta taɓa cewa ta yafe wa kanta ba. Amma tun daga ranar ta ci gaba da karatu, bisa ƙa'idar da ta ɗora wa kanta: ba ta buɗe littafi da wuta a murhu, ba ta buɗewa sai ta san inda kowane yaro yake, kuma kullum bayanta a katanga. 'Ya'yanta sun tashi suna jin labari da rana tsaka. A cikinsu Raihana ce ta gado ta. Sauran suna saurare dai, amma ba su damu su ɗauka da kansu ba, kuma ba ta tilasta wa kowa ba.

Iyayenta suka rasu ɗaya bayan ɗaya. Masu shimfiɗa littattafan hira a kasuwa suka ragu, labarai suka koma cikin waya. Raihana, wadda yanzu take koyarwa a wata firamare a Daura, ta saya mata waya ta koya mata. Saƙon waya ya yi mata rana ƙwarai, domin karon farko ke nan da take iya magana da wanda ba ya gabanta. Tana karanta labarai a ciki, amma ta fi son takarda. Ta ce waya ba ta nuna wa mutum saura nawa ya rage ya yi tattali.

Shekara uku da suka wuce Kalilu ya rasu bayan gajeriyar jinya. Ta yi takabarta. A watannin nan ba ta taɓa littafin hira ba, sai Alƙur'ani. Da ta fita ta ɗauko wanda suke tsakiyarsa lokacin da ya kwanta, ta ƙarasa shi ita kaɗai, a zuci. Ta gaya wa Raihana cewa mutumin da babansu yake ta tsinewa a cikin labarin ya tuba a ƙarshe, kuma da yana nan da bai yarda da tuban ba.

Bara kuma wani tsoro ya same ta. Baƙaƙe suka fara haɗuwa da juna a idonta. Ta riƙa nesanta littafi har iyakar hannunta, ta riƙa fita tsakiyar rana da shi, duk da haka abin yana ƙaruwa. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta rame, ta rage cin abinci. Raihana ta zo hutu ta lura an kwana biyu littafi yana wuri ɗaya a kan taga. Ta zauna a gabanta ta tambaye ta. 

"Idona ne," in ji Haulatu. "Idan shi ma ya tafi, ta ina za ku same ni?"

Kashegari suka hau motar Daura. A asibitin ido aka zaunar da ita, aka haska mata fitila, aka riƙa sauya mata gilasai a fuska. Ma'aikaciyar tana sanye da takunkumi, don haka Haulatu ba ta ga bakinta ba, sai dai ta riƙa kallon fuskar Raihana tana neman labari. Da aka gama, Raihana ta yi wa matar bayani, ita kuwa ta sauke takunkumin, ta dubi Haulatu sosai, ta yi magana a hankali.

"Mama, idonki lafiya lau. Shekaru ne kawai. Tabarau za ki sa."

Haulatu ta ce ta sake faɗa. Ta sake. Sai ta ce alhamdulillahi, ta sunkuyar da kai, ta daɗe a haka, har ma'aikaciyar ta dafa kafaɗarta.

Tabarau ɗin mai baƙin kewaye ne, ya ɗan yi mata girma, Raihana ta ɗaura masa zare don kada ya faɗi. Jikokinta sun yi ta dariya ranar da suka fara ganinta da shi. Yanzu tana zaune a gidan da babban ɗanta da matarsa. Tana kiwon awaki, tana sayar da ƙuli-ƙuli daga cikin gida. Idan ta sallami masu saye da hantsi, takan goge gilasan da gefen mayafi, ta karanta har azahar. Tana da wani mai kauri da Raihana ta aiko mata kwanan baya, ta ce a hankali take binsa, domin so take ya kai ta bayan girbi.